Zuwa Ga Matasan Gidan Sori: Darasi Daga Likitocin Ƙwaƙwalwa Biyu



A ƙasar Maradi ba a rasa wanda ya san irin wannan majinyaci. Sai ya yi mako guda ba barci, baki ba hutu, ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi, ya rabar da kuɗin a kasuwa. Bayan watanni kuma ya shige ɗaki ya yi tagumi, ko fura ba ya kurɓa. Wasu su ce iskoki, wasu su ce sammu. Likitoci na kiran ciwon baifola, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a 2019.

Shahararren maganinsa ya fito ne daga hannun Dakta John Cade na Ostareliya. Bayan ya dawo daga zaman fursunan yaƙi a Changi, ya kama aiki a asibitin Bundoora kusa da Melbon, ya mai da wani tsohon ɗakin girki wurin bincike. Zatonsa akwai guba a fitsarin majinyatan, don haka ya riƙa ɗura wa ɓerayen Masar shi ta allura. Zaton bai tabbata ba. Amma ya lura gishirin litiyam da yake haɗawa a gwajin yana sa dabbobin su yi laƙwas. Ya sha da kansa tukuna, sannan ya ba majinyata 10 masu zaburar ciwon, ya wallafa sakamakon a Satumba 1949.

Na farkonsu, wanda ya shekara biyar hankalinsa a tashe, ya natsu har ya koma bakin aikinsa. Daga baya ya bar sha, ciwon ya dawo, kuma a 1950 yawan maganin a jininsa ya yi ajalinsa.

Da an bar maganar nan, da litiyam ya bi ruwa. Sai Mogens Schou na Denmak ya ɗauka. A 1954 ya yi gwajin da ake ba majinyata maganin gaske ko ƙwaya marar magani, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. A 1968 likitoci biyu na Landan suka caccake shi a mujallar Lancet. Amsar da ta kashe bakin kowa ta zo a 1970, a sabon gwajin da ya yi da abokinsa Baastrup: fiye da rabin waɗanda aka janye wa maganin ciwonsu ya tashi, masu shansa ko mutum ɗaya. A shekarar ce Amurka ta amince da litiyam.

Ga inda aiki ke jiranku. Ta ƙoda litiyam ke fita, kuma idan jiki ya bushe sai ya taru ya zama guba, shi ya sa ake auna jini a kai a kai. To yaya za a ba manomin da ke sharar gona a zafin Afrilu, wataƙila da azumi a baki, ɗakin awon jini kuma na nesa? Mai amsa wannan sai wanda ya san rana da abinci da harshen mutanen nan. Haka Farfesa Adeoye Lambo ya yi a Aro ta Abeokuta a 1954: ya saukar da majinyata da danginsu a gidajen ƙauye, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana da sashen koyon likitanci. 'Yan kwaleji da 'yan lise, ku riƙe lissafi da kimiyya, ku saba rubuta abin da ido ya gani ko da ya saɓa wa zatonku. Mai ɗan'uwa a cikin wannan hali kuma, a kwance masa mari a kai shi likita, kada a sai masa ƙwaya a tebur, kada ya bar magani don ya ji sauƙi.