Iskar Kabon: Wa Ya Fi Zuba Ta a Sararin Samaniya?

Duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko gas, sinadarin kabon da ke cikinsu yakan haɗu da oksijin ya zama iskar da masana kimiyya ke kira kabon-dayoksaid. Litar fetur ɗaya, wadda nauyinta bai kai kilo guda ba, takan fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska. Kada ɗalibi ya yi mamaki, domin kowace ƙwayar zarra ta kabon takan ɗebo biyu na oksijin daga iskar da muke shaƙa. Wannan iska ce ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, har ta jawo ɗumamar yanayi. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sama kimanin kashi 280 ne cikin miliyan. Sa'ad da Charles Keeling ya fara awonta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya tarar da 315. A shekarar 2024 ta haura 420.

To, wa ya zuba wannan ƙari? Amsar ta danganta da irin lissafin da aka yi.

Ingila ce ta buɗe fage, lokacin da injinan tururi suka fara cin kwal a ƙarni na 18. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Amurka ta sha gabanta, ta kuma riƙe kambu fiye da shekara ɗari, sai a 2006 ƙasar Sin ta wuce ta. Wanda ya tsaya nan zai ce laifin na Sin ne. Amma idan aka raba abin da kowace ƙasa ta fitar da yawan mutanenta, sai labari ya sha bamban. A shekarar 2022 rabon Ba'amurke ɗaya ya kusa tan 15, na ɗan Sin kimanin 8, na Ba'indiye 2, na ɗan Nijeriya wajen rabin tan, na ɗan Jamhuriyar Nijar kuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan. Wato abin da Ba'amurke ya fitar cikin kwana uku ya kai na Banijare na shekara guda.

Lissafin da ya fi muhimmanci, a ganinmu, shi ne na tarihi. Dalili kuwa, kabon-dayoksaid ba kamar hayaƙin murhu ba ce da ke washewa kafin la'asar. Wani kaso nata yakan daɗe a sama ɗaruruwan shekaru. Saboda haka hayaƙin masaƙun Mancesta na zamanin Sarauniya Biktoriya yana cikin abin da ke ɗumama duniya har yau. In aka tara duk abin da aka fitar daga ƙona makamashi da masana'antu tun 1750, Amurka kaɗai na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Nahiyar Afirka baki ɗaya kimanin kashi 3 cikin ɗari take da shi.

Gaskiya ne wasu ƙasashe masu arziki sun rage. Birtaniya ta sauko da kusan rabi daga abin da take fitarwa a 1990, ta kuma rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal a watan Satumba na 2024. Sai dai akwai ɓoyayyen lissafi a nan: kayan da aka ƙera a Sin aka sayar a Landan, a littafin Sin ake rubuta hayaƙinsu.

Wannan bambanci ne ya sa taron Riyo na 1992 ya amince cewa alhakin na kowa ne, amma ba daidai yake ba. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta ɗora wajibcin ragewa kan ƙasashe masu masana'antu kaɗai, Amurka kuwa ba ta tabbatar da ita ba. Ta Faris ta 2015 ta ce kowace ƙasa ta faɗi abin da za ta iya. A 2022, shekarar da ambaliya ta ci Pakistan, ƙasar da ba ta fitar da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, aka yarda a Sharm el-Sheikh ta Masar a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara.