Darasi: Yadda Ake Neman Litiyam a Cikin Dutse

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan baƙi suna zaga ƙauyukan Nasarawa, Kaduna, Kogi da Kwara suna cigiyar wani irin dutse. Litiyam suke nema, wato ma'adinin da ake haɗa batirin wayar hannu da na motocin lantarki da shi. Ya kamata mu san yadda ake nemansa kafin mu sa hannu a kowace takarda.

Inda yake

Ana samunsa cikin fegmatayit, dutse mai manyan ƙwayoyi wanda ya daskare daga narkakken dutse a ƙarƙashin ƙasa. Irin dutsen nan ne ke ba da kuza da tantalayit. Litiyam yana cikin sufodumin, mai fari ko kore-kore, da lefidolayit, mai launin shunayya. Daga irinsa ake haƙa a Greenbushes ta Ostareliya da Bikita ta Zimbabwe.

Matakan bincike

Da fari masana sukan zana taswirar duwatsun wurin. Sa'an nan su ɗebi ƙasa da gutsattsarin dutse su kai ɗakin awo. In alama ta yi kyau, sai su tona ramuka, su huda ƙasa da inji, su zaro dutse dogo kamar rake, domin su san zurfin jijiyar da kaurinta. Yawancin mahaƙan da ke cin riba, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kaɗai ne na dutsensu yake sinadarin litiyam. Aikin yakan ɗauki shekaru, kuma sau da yawa ba a samun abin da ya isa haƙa. Saboda haka ganin dutse a gona ba shi ne arziki ba.

Abin da doka ta ce

Bisa Dokar Ma'adinai ta 2007, ma'adinai na hannun Gwamnatin Tarayya. Lasin bincike dabam ne da izinin haƙa. Mai gona yana da hakkin diyya, kuma dole kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara haƙa. Mu tuna da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ta kashe yara fiye da 400.

Tambayoyi don tattaunawa

1. In baƙo ya zo gonarka, wace takarda za ka nemi gani?
2. Wa zai cike ramukan bayan an tashi?
3. Yaya za mu hana yaranmu barin makaranta su shiga rami?