Darasi Daga Lakar Tafkin Bosomtwe

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, da yawanmu mun taɓa zuwa Bosomtwe, kamar kilomita 30 daga Kumasi. To amma mun san abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan?

Dutse ne ya faɗo daga sama, fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin. Tafkin ba shi da mafita, don haka laka da ƙurar furanni suna ta kwanciya a ƙasa, ta bana kan ta bara. A 2004 masana suka huda ƙasan, suka zaro lakar cikin bututu. Binciken lakar tafkin ya nuna yankinmu ya sha dogon fari. Wani ya kama daga wajen 1400 har 1750.

Haka aka yi a 2009 a tafkin Elgigitgin, can arewacin Rasha, ƙasar ƙanƙara. Lakarsa ta nuna a da can daji ne mai bishiyoyi a wurin.

Kun ga ke nan, yanayi yana juyawa. Farin da ya taɓa zuwa yana iya dawowa. Mu masu shan ruwan Barekese da Owabi, kada mu bar famfo yana zuba a banza.