Darasi: Abin da Uba ke Koya wa Ɗansa a Bakin Rumbu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa bai tsaya ga raɗa suna da karatun allo ba. Har da koya masa abin da zai riƙe gida. A ƙasashen Maraɗi, Damagaram da Tawa, bakin rumbu makaranta ne.

Na farko, aikin hannu. Uba ya nuna wa ɗansa yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu don kada gara da damshi su kai ga hatsi, da yadda ake gyara jinka kafin ruwan farko.

Na biyu, tanadi. A ajiye gero cikin zangarniyarsa, kamar shawarar Annabi Yusuf (AS) ga mutanen Masar, Suratu Yusuf aya ta 47. A ware manyan zangarniyu domin iri, kada a taɓa su. Dattawan da suka ga yunwar 1984 sun san dalili.

Na ukku, zakka. Hatsin da ya kai wusuƙi 5, in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin 10 ake fitarwa. In da wahalar ban-ruwa ne, ɗaya cikin 20. Yaro ya ƙirga dammuna da hannunsa.

Wanda bai koyi wannan ba, shi ke sayar da hatsinsa da kaka, ya ci bashi da damina. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.