Gurbin Da Ya Dace Da Katin Hoto

Duk wanda ya taɓa kwance murfin kwamfuta ta tebur ya leƙa ciki, zai ga wani faffaɗan allo an jera masa ƙananan abubuwa birjik, kamar gari in an hango shi daga kan dutse. Wannan shi ne babban allo, kuma a jikinsa ko wane sashe na kwamfuta ya ke maƙale. Daga ƙasa da ƙwaƙwalwar injin akwai waɗansu gurabu a jere, waɗansu dogaye, waɗansu gajeru. A cikinsu a ke soka katin ƙari, kamar katin hoto, watau wanda ke zana duk abin da mu ke gani a fuskar kwamfuta.

To, ga abin tambaya. In an danƙa wa ɗayanku kwamfutar makaranta da sabon katin hoto, ya tarar da dogayen gurabu biyu ko uku, ko wanne katin na shiga daidai, a wanne zai sa shi? Galibin mutane su kan ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi kuskure a nan ya biya kuɗin doki ne ya koma gida da jaki.

Da fari sai mu san irin gurabun. Cikin 1992 aka fito da irin da a ke kira PCI, galibi fari ne. Wajen 1997 aka ƙaro AGP, wanda aka yi domin katin hoto kaɗai, shi kuwa sau da yawa ruwan ƙasa ne. Daga 2004 sai PCI Express ya fara shiga kasuwa, ya ture su duka biyu. Katin wannan zamani ba ya shiga PCI ko AGP ko kusa, don haka in tsohon inji ne mai waɗannan kaɗai, kada a wahal da kai, kada kuma a danna da ƙarfi.

Shi PCI Express da layi-layi ya ke aiki. Ku ɗauka ko wane layi hanya ce da saƙo ke bi tsakanin kati da ƙwaƙwalwa. Akwai gurbi mai layi 1, da mai 4, da mai 8, da mai 16, a kan rubuta su x1, x4, x8, x16. Mai layi 1 gajere ne, tsawonsa milimita 25. Mai 16 kuwa milimita 89 ne, shi aka tanadar wa katin hoto.

Ga inda rikicin ya ke. Tsawon gurbi ba shi ne shaidar yawan layinsa ba. Masu ƙira su kan yi gurbi da tsawon mai 16, amma layi 4 kaɗai su ka ja masa. Kamar mutum ne ya gina makeken zaure, in ka shiga ka tarar ƙofar cikin gida sai an karkata a ke wucewa. Dalili kuwa, layukan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ƙidayayyu ne. A yawancin alluna, 16 daga cikinsu sun tafi ne kai tsaye zuwa dogon gurbin sama, wanda ya fi kusa da ita. Na ƙasa kuwa sai sun bi ta wani ɗan sashe mai suna cifset. Shi cifset kamar wakili ne, shi ke karɓar saƙon ma'ajiyar bayanai da na kafofin USB da na intanet, ya kai wa ƙwaƙwalwa ta hanya guda. Katin da aka sa a can, ban da ƙarancin layi, sai ya yi ta jiran sahu tare da sauran jama'a.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce, a sa katin hoto a dogon gurbin da ya fi kusa da ƙwaƙwalwa. Amma fa kada ku tsaya ga ƙa'ida kurum, ku bincika. Ku haska tocila cikin gurbin, za ku ga 'yan haƙoran ƙarfe a jere. In sun kai har ƙarshe, alama ce mai kyau. In sun ƙare a tsakiya ko kafin nan, sauran roba ce zalla, to gurbin ado ya yi da tsawo. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne littafin allon, gama a ciki a kan faɗi layin ko wane gurbi. A nan ne kuma za ku ga ko allon na raba layi, domin a waɗansu, da zarar an sa kati na biyu ko wata ma'ajiya irin ta M.2 a wani gurbi, sai 16 ɗin nan su koma 8. Ni dai ban cika damuwa da wannan ba, komawa 8 ba ta cika rage wa aiki wani abin kirki ba. Komawa 4 ita ce a kan ji a jiki.

Sa'an nan akwai maganar zubi. An yi ta sabunta PCI Express, ko wane sabon zubi ya kan ninka saurin na gabansa. A zubi na 3, na 2010, layi ɗaya na ɗaukar kusan gigabait 1 cikin daƙiƙa. A na 4, na 2017, kusan 2. A na 5, na 2019, kusan 4. Sabon kati na aiki a tsohon gurbi, tsohon kati ma na aiki a sabo, sai dai tafiyar ta kan zama ta wanda ya fi rauni cikinsu. Wannan ya fi taɓa ƙananan kati masu araha. Misali Radeon RX 6500 XT, wanda ya fito cikin 2022, layi 4 kaɗai gare shi. A zubi na 4 ya kan sami kusan gigabait 8, a na 3 kuwa rabin haka, ko da gurbin mai 16 ne cif.

Sauran abu biyu, wuta da wuri. Gurbi shi kaɗai ba ya ba da wuta fiye da wat 75. Katin da ke bukatar fiye da haka sai an jawo masa waya daga akwatin wuta, mai baki 6 ta ƙara wat 75, mai baki 8 ta ƙara 150. Siraran injunan ofis na hannu da a ke sayarwa a kasuwanninmu galibi ba su da waɗannan wayoyi, cikinsu kuma matsattse ne, sai gajeren kati. A auna tukuna kafin a saya, a kuma bar wa fankar katin wurin shan iska.

Ranar sawa, a zare wayar lantarki daga bango, a taɓa ƙarfen akwati don jiki ya sauke tartsatsin da ya tara. A saita kati, a danna a hankali har ɗan makullin ƙarshen gurbi ya ce ƙas, a ɗaure da sukuru. Kada a manta a cire wayar fuskar kwamfuta daga kafar babban allo a mai da ita jikin katin, in ba haka ba yana nan zaune ba ya aikin kome. Bayan an kunna, manhajar GPU-Z za ta nuna layi nawa katin ya samu da zubin da ya ke kai. A duba sa'ad da ya ke cikin aiki, gama in yana hutu ya kan rage sauri da kansa.

Ga lissafi ku gwada. Allo na da dogon gurbi na zubi na 3 mai layi 16, wani allon kuma na da na zubi na 4 mai layi 8. Wanne ya fi ɗaukar kaya cikin daƙiƙa? In kuma katin mai layi 8 ne na zubi na 4, a wanne zai fi sakewa?