Abin da Ke Faruwa da Tabar Wiwi Idan Ta Daɗe a Ajiye

Jama'a da dama sun ɗauka da zarar ganyen wiwi ya bushe, shi ke nan, haka zai zauna. Alhali sinadaran da ke cikinsa ba sa daina sauyawa, ko da yana ƙunshe a buhu.

Ɗanyen ganyen ba shi da THC mai yawa, wato sinadarin da ke juya ƙwaƙwalwa, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a Isra'ila a 1964. Abin da ya fi yawa a ciki shi ne THCA, wanda ba ya bugarwa. Zafi ne ke mai da shi THC: wuta nan take, ɗumin ɗaki kuwa sannu a hankali cikin watanni. Daga nan sai iska da haske su shiga cin THC ɗin, wani ɓangare ya koma CBN mai rauni ƙwarai. Warin nan mai hawa kai shi ma yana gushewa, ganyen ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu.

Masana a Jami'ar Misisifi ta Amurka sun wallafa sakamakon auna wannan sauyi a 1997. Sun ga THC ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100 a shekarar farko, raguwar ta haura kashi 40 bayan shekara 4. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake iya kwatanta yawan CBN da na THC, a ƙiyasta daɗewar kayan da aka kama. Kai, har wiwin da aka haƙo a wani kabari a Yanghai ta ƙasar Sin, mai shekara wajen 2,700, sai da aka samu CBN a cikinsa.

To, amma kada raguwar ƙarfi ta ruɗi kowa. Ganyen da aka cusa a leda da sauran danshi yakan yi fumfuna, musamman irin da likitoci ke kira Aspergillus. Idan ta shiga huhu takan haddasa mummunar cuta ga mai asma, da wanda tarin fuka ya taɓa ci, da mai raunin garkuwar jiki. Mashayi kuwa a ƙulle yake saye, bai san ko damina nawa tabar ta yi a ɓoye ba.

Dokar Najeriya ta haramta noman wiwi da sayarwa da ajiye ta. Jama'a, duk wanda ɗansa ya faɗa shan wiwi, ya gaggauta kai shi asibiti ko ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA mafi kusa don neman shawara.