Idan Ƙasa Ta Rabu, Wa Ke Gadon Kujerarta?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya: idan ƙasa ta wargaje, wa ke riƙe kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya?

To Malam, mun gode. Idan yanki ne ya ɓalle, uwar ƙasa na riƙe kujerarta, sabuwar kuma ta nemi shiga. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yuli 2011, aka karɓe ta ranar 14, Sudan kuwa ba ta motsa ba.

Inda ake kai ruwa rana shi ne rugujewar ƙasa ɗungurungum. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991, Rasha ta gaji kujerarta, har da ta dindindin a Kwamitin Sulhu, domin akasarin jamhuriyoyin sun amince a taron Alma-Ata. Da Yugoslabiya ta wargaje, Sabiya da Montenegro sun so su yi haka da kujerarta, amma maƙwabtan da suka ɓalle suka ƙi. Majalisa ta ce su sake nema, ba a karɓe su ba sai a 2000. A ganina, yardar waɗanda aka rabu da su ce ta raba gardama, amma ƙarfin Rasha ma ya yi tasiri. Cek da Slobakiya kuwa, da ƙasarsu ta rabu biyu, kowacce ta nemi shiga daga farko a 1993.